ZINAREN DA BAI FITO DAGA RAMI BA

Shafi na 19

Masu cewa na bar ku a tsaye, na ji ku. Jiya wayata har zafi ta yi saboda saƙonni. Wata baiwar Allah ma cewa ta yi in ban fito da Auta daga ɗakin gwajin nan ba, ita za ta zo ta fito da ita. To ku gyara zama. Kun dai tuna kamfanin da zai sayi ramin zinaren Yaya ya ce sai an sake auna duwatsunsa kafin a sa hannu. Kuma buhunan ba su faɗa ko'ina ba sai ɗakin gwajin ma'adinai da ƙanwarsa Auta take aiki.

* * *

Auta ta ɗago kai daga madubin ƙara girma, ta murje ido da bayan hannu, ta sake sunkuyawa.

Abin yana nan yadda ta bar shi.

Ta miƙe. Ta je bakin tanderu ta leƙa, alhali ta san babu komai a ciki. Ta dawo. Ta cire safar hannu ta ajiye, ta sake ɗauka ta sa. Fankar da ke zuƙe hayaƙi tana ta gurnani a saman kanta, amma zufa sai keto mata take yi a ƙarƙashin farar rigar aiki.

Tun da safe abin ya fara ɗaure mata kai. Ta niƙa abin da ke cikin buhun farko gaba ɗaya, ta haɗa da dalma ta narka, aka samu ɗigon zinare kamar kan ashana. Ta yi murna, har ta kusa kiran Yaya. Sai kuma wani abu ya tsaya mata a rai. Sakamakon ya yi kyau da yawa.

Ta buɗe buhu na biyu, ta tsamo duwatsun, ta wanke su tas da buroshi, ta niƙa su su kaɗai ta narka.

Babu komai. Sai wani ɗan ɗigo da sai an kanne ido ake ganinsa.

Daga nan ta zazzage ƙurar da ta kwanta a gindin buhun, ta wanke a tasa. Zinare ya yi ja a gefen tasar. Shi ne yanzu a ƙarƙashin madubi.

"Wai ke lafiya kike ta safa da marwa? Tun daga ofis nake jin takunki."

Oga ne, shugaban ɗakin gwajin, tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi, tabarau a saman goshi.

"Lafiya lau, Oga."

"Lafiyar ce ta sa kika sa safar hannu a baibai?"

Ta dubi hannunta. Ta cire safar ta juya ta.

Ya ajiye kofin, ya sauko da tabarau, ya matso. Ta so ta tare madubin da jikinta, amma ya riga ta isa. Ya sunkuya. Ya ɗan murɗa abin daidaitawa. Ya daɗe a haka.

"Daga ina wannan?"

"Gindin buhu."

"Duwatsun fa?"

"Na wanke su na gwada daban."

"Sai aka samu me?"

Ta girgiza kai kawai.

Ya ɗago a hankali. "Faɗa min abin da kika gani. Da bakinki nake so in ji."

"Oga..."

"Ina jin ki."

Ta nuna madubin. "Zinaren da ya fito daga cikin dutse yana zuwa a dunƙule, da ɗan farin dutse maƙale a jikinsa. Wannan kuwa a murɗe yake kamar abin da aka fiƙe daga fensir. Kuma duk jikinsa zane ne, layi-layi."

"Zanen me?"

"Magagari."

Oga ya ɗauko na'urar haske mai kama da bindiga, wadda ke faɗin irin ƙarfen da ke cikin abu. Ya kara bakinta a kan burbushin, ya danna. Suka tsaya suna kallon ɗan allon bayanta.

Kashi uku cikin huɗu zinare. Sauran tagulla da azurfa.

"Ƙasa ba ta yin irin wannan haɗin," in ji Oga. "Wannan haɗin maƙera ne. Wani ya samu kayan ado ya goge, ya barbaɗa a buhu."

Auta ta dafa tebur.

"Tun farko bai kamata ki taɓa buhunan yayanki ba," ya ce. "Ƙarancin ma'aikata ne ya sa na kau da kai, ga shi nan ya dawo min."

"Oga, don Allah ka ba ni lokaci in yi magana da shi."

"In ba ki lokaci ki yi me?"

"In ji daga bakinsa. Yaya ba zai yi haka ba. Wallahi ba zai yi ba."

"Ni ban ce shi ya yi ba. Madubi ba ya faɗin suna." Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. "Amma ki saurare ni, Auta. Mutumin kamfanin nan tun ɗazu yake kirana. Ba zan kira shi ba, wannan na iya yi miki. In kuwa ya shigo ya tambaye ni, abin da na gani zan nuna masa. Ba zan tsufa a aikin nan in ƙare da ƙarya ba."

"Na sani."

"To me kike jira? Ki je."

Ta kara wayarta a bakin madubin ta ɗauki hoto. Bai fito sosai ba, sai da ta sake ɗauka. Ta fizgi jaka ta fita, farar rigar aikin ma a jikinta.

* * *

Tasi ta shiga cunkoso a babban titi ta tsaya cak. Direba ya kashe inji, ya fara ba ta labarin wata tayar da aka cuce shi da ita. Auta ta kira Yaya, ta katse kafin ya shiga. Ta sake kira, ta sake katsewa. Me za ta ce masa a waya?

Yaya ne ya bar makaranta ya hau babbar mota da Baba ya rasu, don ita ta yi karatu. Shi ya kai ta jami'a da kansa, akwatinta a bayan motar tare da buhunan siminti. Daga baya haƙar zinare ta shiga ransa. Ya sayar da motar ya zuba a rami. Rami ya ci, ya ci, bai mayar da komai ba, har matarsa ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta.

Sai kwanan nan ne ya sake yin dariya, tun da ɗakin gwajin farko ya ce akwai zinare.

"Malam, tsaya in sauka."

"Ai a tsaye muke, Hajiya."

Ta sallame shi ta buɗe ƙofa. Ta ratsa tsakanin motoci, ta bi lungun masu walda, tana sauri kamar ana bin ta.

Tun daga tsakar gida ta jiyo shi yana waƙa. A falo ta same shi da singileti, yana guge sabuwar riga a kan tebur. Mama tana zaune a doguwar kujera tana ɗinka masa maɓallin wando.

"A'a! Farfesa da kanta!" Yaya ya ɗaga dutsen guga sama kamar tuta. "Mama, kin gani? Ba ta iya jira a tashi aiki ba, ta kawo albishir da ƙafarta. Faɗi, nawa ya nuna? Ya fi na farko, ko?"

"Yaya, kashe dutsen gugar."

"Saura hannu ɗaya."

"Ka kashe."

Ya dube ta da kyau. Murmushin ya fara gushewa. Ya zare wayar dutsen gugar daga bango.

"Me ya faru?"

Ta miƙa masa wayarta. Ya karɓa, ya juya ta, ya matso da ita kusa da fuska.

"Zinare ne ai."

"Zinare ne."

"To?"

"Ba na raminka ba ne."

Ya yi wata 'yar dariya. "Ban gane ba. Zinare yana da takardar haihuwa ne?"

"Yana da ita. Ka duba yadda ya murɗe. Ka duba zanen jikinsa. Da magagari aka goge shi daga kayan ado, aka zuba a buhunanka. Duwatsun da ka haƙo na wanke su na gwada su kaɗai."

"Auta."

"Yaya, ni kaɗai ce a nan, sai Mama. Ka faɗa min gaskiya tun kafin..."

"Tun kafin me?"

"Kai ka zuba?"

Allurar Mama ta tsaya a cikin yadi.

Yaya ya ajiye wayar a gefen rigar da ya guge, a hankali, kamar mai tsoron kada ta fashe.

"Sake faɗa."

"Tambaya na yi."

"Ni kike tambaya? Ni?" Ya bugi ƙirjinsa. "Kin taɓa sauka ramin nan? Kin san yadda numfashi yake yi a can ƙasa? Ƙafar nan da kike gani, dutse ya danne ta, da igiya aka jawo ni kamar guga. Matata ta tafi. 'Ya'yana a waya nake jin muryarsu. Duk na haƙura, don na san abin yana nan. Yau da Allah ya kawo shi, ƙanwata ce za ta shigo da farar riga ta kira ni ɓarawo?"

"Ban ce ɓarawo ba."

"Me kika ce?"

"Na ce wani ya zuba!"

"Na'urarku ce ta lalace!"

"Oga ya gani da idonsa."

"Oganki..." Ya tsaya. "Oganki ya gani?"

"Ya gani. Kuma in mutumin kamfanin ya tambaye shi ba zai ɓoye ba. Yaya, wannan ba maganar fasa ciniki ba ce. Zamba za su kira shi. Ɗaure mutum ake yi a kan wannan."

Ya fara zagaya teburin. Ya je taga, ya dawo. Ya ɗauki rigar, ya jefar.

"Wa ya cika buhunan?" ta tambaya.

"Ni."

"Wa ya ɗaure?"

"Ni, da hannuna. Ɗaurina ne, ko a duhu zan gane shi."

"Daga bakin rami sai ina?"

"Sai nan gidan. Ɗakin kaya. Washegari in kai su."

"Ba wanda ya riƙe su a hanya?"

"Babu... Tsaya." Ya ɗaga yatsa. "Dogo. Shi yake ɗora min su a babur. Ran nan ma na bar shi da su na je na sha ruwa."

"Dogon da ke tona tare da kai? Ina Dogo zai samu kayan zinare?"

"Oho! Kin san wa ya aiko shi? Akwai masu son ramin nan ya fita daga hannuna a wulaƙance." Ya rarumi wayarsa. "Yau zai faɗa min uban da ya sa shi."

"Yaya, kar ka zargi mutum a kan..."

Ya riga ya fita. Ƙofar ta bugu. Ta jiyo shi a tsakar gida yana kai da komo, yana tsaki, waya ta ƙi shiga.

Auta ta zube a kujera kusa da Mama. Sai a lokacin ta lura Mama ba ta ce uffan ba. Mamar da ko a kan rimot suka yi musu sai ta shiga tsakani.

"Mama, kin ji abin da ke faruwa kuwa?"

"Na ji."

"Ba ki ce komai ba."

"Me zan ce? Ku ne masu ilimin."

Ta ci gaba da ɗinki. Allurar ta kuskure ramin maɓalli, ta sake kuskurewa, ta shige mata yatsa. Jini ya tsatso.

"Kawo in gani."

"Bar shi, ba komai."

"Kawo mana, Mama."

Auta ta kama hannun. Awarwaron Mama ya zame daga tsintsiyar hannu ya sauko har kan yatsun Auta. Awarwaron zinaren da Baba ya saya mata tun suna amare, wanda ko wanka ba ta cire shi. A da sai an sa sabulu yake motsawa.

Bai yi nauyin da ta sani ba.

Mama ta ja hannunta. Auta ta riƙe.

Ta zura ɗan yatsa ta cikin awarwaron. Waje sumul, kamar kullum. Ciki kuwa kaushi ne, har yana kartar fata. Ta juya shi wajen hasken taga. Cikin yana ƙyalli sabo fil, duk layi-layi.

Ta san layin nan. Tun safe take kallonsa.

"Mama."

Mama ta kau da kai.

"Mama, dube ni."

"Rage murya."

"Innalillahi... Mama, ke?"

"Na ce ki rage murya, yana waje."

Auta ta sa hannu ta ɗan ɗaga gefen ɗankwalin Mama. Kunnen babu komai, sai huda.

"Ina 'yan kunnenki?"

"Su suka fara ƙarewa."

Auta ta miƙe, ta sake zama. Ta rasa inda za ta sa hannunta. "Me ya sa? Don Allah me ya sa?"

Mama ta ajiye wandon a cinyarta, ta shafa shi, ta sake shafawa.

"Ke kina wurin aiki, ba ki gani ba. Bayan tafiyar matarsa, wata rana da hantsi na shiga ɗakin kaya neman tsintsiya. Na same shi zaune a ƙasa. Kin san ruwan gubar nan da suke wanke zinare da shi? Kwalbar tana hannunsa, murfin yana ƙasa."

Auta ta toshe baki.

"Ya ce min dubawa yake ko ta ƙare. Na ce to. Na karɓa na rufe. Amma ni na haife shi, Auta. Na ga idonsa. Babu kowa a ciki."

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"In faɗa miki ki yi me? Ki auna shi?" Mama ta share ido da gefen mayafi. "A satin ya kawo wasu buhuna. Ya ce, Mama, waɗannan ne na ƙarshe, in babu komai a ciki shi ke nan. Yadda ya faɗi shi ke nan ɗin ne ya hana ni sukuni. Da ya fita na buɗe akwatin kayan aikin babanku, na ɗauko magagari."

"Ɗaurin buhun fa? Ya ce ɗaurinsa ne."

"Wa ya koya masa ɗauri?"

Auta ta runtse ido.

"Na ce sau ɗaya ne," in ji Mama. "Ya ɗan samu abin da zai riƙe, ya tashi, ya ci abinci, ya yi aski. In hankalinsa ya dawo sai in lallaɓa shi ya koma tuƙi. Kuma ya tashi ɗin. Kin gan shi ai. Har waƙa yake yi."

"Sai kamfani ya shigo."

"Ban san za su zo ba. Ni ina na san ana jin labari har can? Suka ce a ƙaro buhuna. In wannan karon aka ce babu, ina zan sa shi? Na sake gogawa. Suka ce a ƙaro. Na sake."

"Mama, kin san saboda sakamakon nan aka ƙara wa ramin zurfi? Mutane suna can ƙasa yanzu haka, suna bin dutsen da babu komai a cikinsa. Ga ruwan saman da aka yi, ƙasa duk ta jiƙe. In ya rufta da su fa? Su ma suna da uwaye."

Mama ta ɗago kai. Fuskarta ta canza.

"Wannan... ban kawo shi a raina ba."

"Ba ki kawo ba."

"Nawa ɗan kawai nake gani." Muryarta ta karye. "Ki rufa min asiri, Auta. Ki ce na'urar ce. Ki ce kuskure kika yi. Ke yarinya ce, za su yafe miki."

"Oga ya gani, Mama!"

"To ki ce wani ne. Ki ce ba a san ko wane ne ba. In yaron nan ya ji ni ce, in ya ji babu komai a ramin nan, wallahi komawa zai yi ɗakin kayan nan, kuma wannan karon ba lallai in shigo neman tsintsiya ba."

"Ba sai kin shigo ba, Mama."

Su biyun suka juya.

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, waya a hannu. Ba su ji buɗewarta ba. Babu wanda ya san tun yaushe yake wurin.

"Yaya..."

Ya ɗaga mata hannu. Ya shigo a hankali, yana ɗan jan ƙafar da ta taɓa karyewa. Bai kalli Mama ba. Auta ya kalla.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Kar ki tausaya min."

"To."

"In aka cire na Mama, me ya rage a dutsena?"

"Yaya, buhu biyu kawai na..."

"Auta."

Ta sunkuyar da kai. "Ɗan abin da ake samu a kowane dutse. Ba abin da za a tona rami dominsa ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya gyaɗa kai. Ya sake gyaɗawa. Ya dubi sabuwar rigar da ke yashe a ƙasa, ya ɗauke ta, ya kakkaɓe, ya rataye a bayan kujera. Sannan ya danna waya ya kara a kunne. Wannan karon ta shiga.

"Dogo. Kana ji na? Ka fito da kowa daga ramin nan. E, yanzu. Ku bar kayan a ciki, ku dai ku fito." Ya saurara. "Ba abin da ya faru. Ka ƙirga su da idonka in sun hau, ka kira ni. Kuma Dogo... ka yafe min. A'a, ba komai. Ka dai yafe min."

Ya kashe.

Mama ta zamo daga kujera tana kuka. "Ka tsine min in kana so. Ka ce duk abin da za ka ce."

Ya durƙusa a gabanta. Ya kama hannunta, ya juya awarwaron, ya ga cikinsa. Ya daɗe yana kallo.

"Na Baba ne fa, Mama."

"Kai ma na Baba ne."

Ya cije leɓe.

Wayar Auta ta fara ruri a kan tebur. Oga. Ta ɗauka da hannu biyu.

"Auta, kina gida?"

"E, Oga."

"Mutumin ya zo bayan fitarki. Ashe dama suna zargi, shi ya sa suka nemi gwaji na biyu. Ba shi kaɗai ya zo ba, da ɗan sanda ya zo. Sun karɓi samfurin sun like. Na yi ƙoƙarin in zaunar da su..."

"Suna ina yanzu?"

"Sun tambayi gidan. Ina jin sun kusa."

Ba ta san lokacin da ta sauke wayar ba. Ba sai ta yi bayani ba, falon tsit yake, duk sun ji.

A waje wata mota ta tsaya. Aka buɗe ƙofa, aka rufe. Aka sake buɗe wata, aka rufe.

Yaya ya matse yatsun Mama wuri ɗaya, ya zare awarwaron. Bai ko sha wahalar fitar da shi ba. Ya jefa shi a aljihun wandonsa.

"Ba ni abina!"

"Ki shiga ɗaki, Mama."

"Ba inda za ni. Ba ni!"

"Auta, shigar da ita."

"Yaya, me za ka yi?"

"Ramina ne. Buhunana ne. Ɗaurina ne." Ya zura sabuwar rigar, yana ɓalla maɓallai a karkace. "Ke kuma ba ki ga komai a hannun kowa ba. Kin ji ni?"

"Ƙarya kake so in yi?"

"Shiru nake so ki yi."

Aka ƙwanƙwasa ƙofar tsakar gida. Ba a jira amsa ba, aka turo.

Mutumin kamfanin ne a gaba, da kwat, riƙe da wata leda da aka like bakinta da jan tef. A bayansa ɗan sanda, dattijo mai furfura a gemu. Suka yi sallama a bakin falo. Ba wanda ya iya amsawa sai Yaya.

Ɗan sandan ya dubi Yaya, ya dubi tsohuwar da ke durƙushe a ƙasa, ya dubi mai farar riga.

"Ba dogon zance ya kawo mu ba," ya ce. "An samu zinaren ado a cikin buhunan da suka fito daga gidan nan. Wa ya zuba?"

"Ni ne," in ji Yaya.

"Ni ce," in ji Mama.

Tare suka faɗa.

"Ranka ya daɗe, kar ka saurare ta, tsufa ne. Ɗanta take son karewa."

"Ƙarya yake yi! Ka duba aljihunsa, nawa ne, yanzu ya cire min!"

"A wurina yake tun tuni. Ni na sace mata."

"Ka ji tsoron Allah!"

"Ya isa," in ji ɗan sandan. Bai ɗaga murya ba, amma suka yi shiru.

Mutumin kamfanin ya matso ya yi masa magana a kunne, yana nuna Auta da haɓa. Ɗan sandan ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta.

"Ke ce kika yi gwajin?"

"Ni ce."

"An ce ke kika fara ganowa, kuma kika baro aiki kika taho nan kai tsaye. Kin riga mu jin abin da aka faɗa a ɗakin nan." Ya gyara tsayuwa. "Ki yi tunani kafin ki amsa, Malama, don abin da kika faɗa za ki maimaita shi a gaban alƙali. Wane ne a cikinsu?"

Mama ta ɗaga mata hannu, tsintsiyar hannun babu komai, sai farin zoben da awarwaro ya bari a fata.

Yaya ya dafe aljihunsa. Ya kafe ta da ido, yana girgiza kai a hankali.

"Malama," in ji ɗan sandan. "Ke muke jira."